Gwanintar Tare Zafi a Bar Lantarki Ya Wuce

Faranti ne ɗan ƙarami, fari, mai kusurwa huɗu, santimita 4 kowane gefe, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba. Wayoyi biyu ne ke fita daga gefensa, ja da baƙa. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Amma da zarar an ɗora fuskarsa ɗaya a kan ƙarfe mai zafi, aka sanyaya ɗayar da ruwa ko iska, sai wutar lantarki ta fara bin wayoyin. Wanda ya ɓare tangaran ɗin da ya rufe shi zai tarar da 'yan tubala masu launin toka guda 254, an jera su bibbiyu, an haɗa kawunansu da ɓallin jan ƙarfe. Duk gwanintar tana cikin waɗannan tubala, kuma kafin tubali ɗaya ya zama abin da ake so, sai ya bi ta hannun mai awo, mai narkarwa, mai niƙa da mai dannawa, kowannensu da irin haƙurin da aikin ke nema a wajensa.

Asalin abin tsoho ne. A shekarar 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta suka zama zobe, ya ɗumama mahaɗa ɗaya, sai allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi ya ɗauka maganaɗisu ne zafin ya haifar, ya kuma kafe a kan haka. Masanin nan na ƙasar Denmak, Hans Ørsted, shi ya gane cewa lantarki ne ke zagaya zoben. A 1834 kuma Jean Peltier, wani maƙerin agogo a Faransa da ya koma bincike, ya gano kishiyar abin: in aka tura lantarki cikin irin wannan mahaɗa, gefe ɗaya zai yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayoyin elektron, wato masu ɗauke da lantarki a cikin abu, sun fi rashin natsuwa a gefen da ya yi zafi, don haka sukan gangara su taru a gefen sanyi. Wannan taruwa ita ce matsin da ake aunawa da volt.

A ƙarfe zalla matsin ba ya taka kara ya karya. Sai a tsakiyar ƙarnin da ya wuce Abram Ioffe na Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa maganin yana wajen semikondakta, wato abin da ya tsaya tsakanin ƙarfe mai barin lantarki ya wuce da gilashi mai hana shi. A shekarun 1950 masana'antun Sobiyat suka yi ta ƙera wani zobe mai fikafikai da ake ɗorawa a kan fitilar kananzir: fitila na haska ɗaki, zafin bakinta kuma na kunna rediyo a ƙauyukan da babu turken wuta. A 1954 Julian Goldsmid a Ingila ya nuna amfanin haɗin bismut da teluriyam, wanda kowane tubalinsa ke ba da kimanin kashi 200 cikin miliyan na volt a kan kowane digiri na bambancin zafi. Ɗan kaɗan ne, shi ya sa ake jera su da yawa. Tubala 254, in tsakanin fuskokin biyu akwai tazarar digiri 100, za su tara wajen volt 5.

Daga nan sai aikin ya cije. Masu wannan sana'a suna da ma'auni guda da suke kira ZT, wanda ya haɗa halaye uku na abu: yawan matsin da yake bayarwa, sauƙin da lantarki ke samu wajen ratsa shi, da kuma yadda yake hana zafi ratsawa. Na ukun nan shi ne ƙashin bayan abin, domin in zafi ya zarce da sauri daga wannan fuska zuwa waccan, fuskokin biyu za su daidaita, bambanci ya gushe, lantarki ya tsaya. Matsalar ita ce halayen uku ba sa ga maciji da juna. Jan ƙarfe gwani ne wajen kai lantarki, amma haka yake kai zafi. Gilashi yana tare zafi, amma yana tare lantarki. Ka ƙara elektron don lantarki ya gudana, matsin ya faɗi. Shekara kusan arba'in ZT na tsaye a wajen 1, faranti na mayar da kusan kashi 5 cikin 100 na zafin da ya shige shi zuwa lantarki, sauran ya wuce abinsa.

Ƙofar da aka samu ita ce, a cikin semikondakta ba elektron kaɗai ke dakon zafi ba. Wani babban kaso yana tafiya ne ta hanyar girgizar ƙwayoyin zarra, wannan ta girgiza ta kusa da ita, waccan ta girgiza ta gaba. Ana kiran irin wannan igiyar girgiza fonon. Fonon ba ya ɗauke da lantarki ko kaɗan, ɓarawon zafi ne kawai. To ashe in za a iya tare fonon ba tare da an taɓa elektron ba, an raba faɗan. Glen Slack a Amurka ya taƙaita burin a 1995: a sami abin da fonon zai gan shi kamar gilashi, elektron kuma ya gan shi kamar tsararren kristal. Kafin shi da shekara biyu, a 1993, Mildred Dresselhaus da ɗalibinta Lyndon Hicks a jami'ar MIT sun nuna da lissafi cewa in aka ƙanƙantar da abu zuwa ma'aunin nanomita, halayen nan uku za su iya sakin juna. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000.

Me ya sa ƙanƙanta za ta tare ɗaya ta bar ɗaya? A ɗauki lungunan tsohon birni. Mai tafiya a ƙasa, wanda dama takunsa gajere ne, yawan kwana ba ya rage masa komai. Mahayin da ya saba sukuwa a fili kuwa, kowace kwana sai ya ja linzami. Elektron a irin waɗannan abubuwa dama ba ya nisa kafin ya ci karo da wani abu. Fonon da yawa kuwa sukan zabga tafiyar ɗaruruwan nanomita ba tare da tsayawa ba. Saboda haka in aka cika abu da iyakoki da 'yan tsakuwoyi, tazarar 'yan gomman nanomita tsakaninsu, mahayi ne zai wahala. Abin da aka gina a haka, mai ƙananan ƙwayoyi a cuɗe cikin uwar jiki, shi ake kira haɗin nano. Wato kristal ɗin da magabata suka ɓata shekaru suna koyon tsara shi ba aibi, shi za a lalata da gangan, amma da awo.

Aikin yana farawa ne a gaban sikeli. Ana sayen bismut, antimoni da teluriyam masu tsarkin kashi 99.999 cikin 100, a auna kowanne har zuwa kashi ɗaya cikin dubu goma na giram. Ba a fili ake awon ba. Akwai wani babban akwati mai fuskar gilashi, an cike shi da iskar agon wadda ba ta haɗuwa da komai, an maƙala masa dogayen safofin hannu na baƙar roba. Mai aiki yana tsaye a waje, ya zura hannuwansa har kafaɗa, yana ɗaukar ɗan cokali da yatsun da roba mai kauri ta dabaibaye. Duk abin da zai shiga akwatin sai ya bi ta wani ɗan zaure a gefe, a zuƙe iskar zauren, a cika shi da agon, a sake zuƙewa, a sake cikawa, har sau uku, kafin a buɗe ƙofar ciki. Wanda ya gaji ya yi sau ɗaya maimakon uku ba zai ga laifinsa a ranar ba. Sai bayan mako biyu ma'auni zai tona shi. A wannan mataki ne ake zuba ɗan abin da ake kira sirki, wasu baƙin ƙwayoyin zarra 'yan kaɗan da ke yanke hukuncin ko tubalin zai zama nau'in n, mai rarar elektron, ko nau'in p, mai rarar guraben da elektron suka bari. Kowane faranti yana bukatar duka biyun, shi ya sa tubalan ke tafiya bibbiyu.

Sai narkarwa. Ana zuba abin da aka auna cikin bututun gilashin kwaz, wanda ke jure zafin da zai narkar da gilashin taga. A haɗa bakinsa da famfon zuƙe iska. Mai aiki ya sa baƙin tabarau, ya kunna wutar walda mai kaifi, ya riƙa juya bututun a hankali da yatsu yana bin wuyansa da harshen wuta, har gilashin ya yi laushi, ya shige ciki da kansa, ya liƙe. In ya yi gaggawa wuyan zai huje, iska ta shiga. In ya daɗe, zafi zai gangara ya fara ƙone teluriyam ɗin da ke ƙasa, awon da aka sha wahala a kansa ya tashi a banza. Daga nan bututu ya shiga tanderu. Haɗin bismut da teluriyam yana narkewa a digiri 585 na ma'aunin Salshiyas, amma akan wuce haka sosai, a bar shi sa'o'i, wani tanderun ma yana lilo da kansa don narkakken ya gauraya. Da an fito da shi ya huce, a fasa gilashin, a ciro curi mai ƙyalli kamar azurfa. Masu aiki da teluriyam suna da wata alama da ba ta ɓuya: wanda ya yi sakaci ya shaƙi ƙurarsa, numfashinsa zai yi ta warin tafarnuwa har tsawon makonni.

Curin nan mai kyan gani shi za a ragargaza. Wasu sukan fara da ɗan turmi da taɓarya na dutse, a cikin akwatin agon. Daga nan sai injin niƙa: gwangwanin ƙarfe mai kauri da 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki, a rufe shi gam tun yana cikin agon, a ɗaura shi a injin da ke jijjiga shi sau ɗaruruwa a minti. Ƙwallayen suna dukan garin, suna fasa shi, suna manne shi, suna sake fasawa, sa'o'i da yawa. Gwani ya san lokacin tsayawa ya kankare abin da ya manne a bango, ya kuma san cewa niƙan da ya wuce kima yana goge ƙarfen gwangwanin ya zuba cikin garin. Abin da ake nema gari ne baƙi wanda ƙwayoyinsa ba su wuce 'yan gomman nanomita ba. A wannan hali garin ya fi kowane lokaci rauni, domin kusan duk jikinsa fata ne, iskar oksijin kuwa fata take nema.

Mataki na gaba shi ne ya fi burge ni, don a nan ne bukatu biyu ke karo. Gari ba ya kai lantarki, dole a dunƙule shi ya zama dutse. Dunƙulewa na bukatar zafi. Zafi kuma, in ya daɗe, yana sa ƙananan ƙwayoyi su haɗiye juna su girma, iyakokin da aka kwana ana niƙa don a same su su ɓace. Ke nan sai a dafa shi ya nuna kafin ya farga. Ana zuba garin cikin wani ɗan mazubi na girafayit, irin baƙin da ke cikin fensir, a shimfiɗa masa takardar girafayit don kada ya manne, a toshe sama da ƙasa da sanduna biyu. Inji ya danna sandunan da ƙarfin da ya kai nauyin kusan rabin tan a kan kowane santimita murabba'i, a lokaci guda kuma a tura wutar lantarki mai ɗaruruwan amfiya, tana zuwa tana ɗaukewa, ta ratsa mazubin da garin. Cikin 'yan mintoci zafi ya haura digiri 400. Mai aiki ba ya kallon agogo kaɗai, idonsa na kan layin da ke nuna yadda sanda ke nutsewa. Muddin tana nutsewa, garin na matsewa. Da ta tsaya, an gama. Duk mintin da aka ƙara bayan nan asara ne. Abin da ke fitowa ɗan faifai ne kamar kwabo mai kauri. A goge shi, a auna nauyinsa a iska, a sake aunawa a cikin ruwa, don a san ko akwai ramuka a ciki. In bai kusa cika matsewa ba, a koma sikeli.

Da wannan hanya ta niƙa da dannawa cikin zafi ne ayarin Zhifeng Ren na Kwalejin Boston, tare da Gang Chen da Dresselhaus na MIT, suka ɗaga ZT na haɗin bismut, antimoni da teluriyam daga 1 zuwa 1.4 a digiri 100, aka buga a mujallar Science a 2008. Ba su ƙirƙiro sabon sinadari ba, tsohon nan ne suka sake wa gini. A 2012 ayarin Mercouri Kanatzidis na Jami'ar Northwestern, da Kanishka Biswas a kan gaba, suka ƙara zurfafa dabarar a haɗin dalma da teluriyam. Sun lura cewa fonon kala-kala ne, akwai gajere, akwai matsakaici, akwai dogo, kuma kowanne da tarkonsa. Suka sa ƙwayoyin sodiyam, kashi 2 cikin 100, a matsayin sirki, waɗanda ke rikita gajerun. Suka zuba ɗan haɗin sitirontiyam da teluriyam, wanda yayin hucewa ke ware kansa ya zama 'yan tsakuwoyi masu faɗin 'yan nanomita, don matsakaitan. Iyakokin manyan ƙwayoyin da dannawa ta bari kuma suka tare dogayen. Inda gwanintar ta fito fili shi ne zaɓen tsakuwar: an zaɓi wadda jerin ƙwayoyin zarrarta ya dace da na uwar jiki, har mai ɗauke da lantarki ya ratsa ta bai san ya sauya ƙasa ba. ZT ya kai 2.2 a wajen digiri 640.

Labarin da ya fi nuna darajar tsafta shi ne na haɗin ƙarfen kuza da seleniyam, ƙarfen nan dai da aka yi ta haƙa a tsaunukan Jos. A 2014 aka auna ZT na 2.6 a kristal ɗinsa guda. Amma kristal ɗin yana da wuyar rainawa, ga saurin tsagewa, ba ya ƙeruwa. Aka koma niƙa da dannawa, sai sakamako ya yi ta fitowa ƙasa da yadda lissafi ya ce, garin da ya kamata ya fi tare zafi sai ga shi yana sakinsa. An yi shekaru ana neman dalili a cikin lissafi, ashe yana kan fatar ƙarfen. Kuzar da ake saya a matsayin tsarkakakkiya tana da siririyar tsatsa da ido ba ya gani, kuma wannan tsatsa tana kai zafi fiye da haɗin kansa sau ɗari da wani abu. Ayarin In Chung na Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu, tare da na Kanatzidis, suka zauna wa abin. Su gasa ƙarfen cikin iskar haidurojin, su narkar da shi a rufaffen bututu, su kankare baƙin da ya taso a kai, su sake narkarwa, su sake kankarewa, har baƙin ya daina fitowa. A 2021 suka ba da rahoton ZT na 3.1 a digiri 510. Kankara ce ta yi wannan aiki, irin wadda kowa zai iya, amma ba kowa ke zama ya yi ba.

Awon ma sana'a ce mai zaman kanta. Daga faifan nan ake yanko ɗan sanda da zarto mai bakin lu'ulu'u, a ɗumama kansa ɗaya, a ɗora masa allurai biyu masu auna zafi da matsi tare. Don sanin yadda zafi ke ratsawa kuma, a yanko wani siririn faifai, a fesa masa baƙi, a harbi fuskarsa da walƙiyar leza, a ƙirga lokacin da bayansa zai ɗauka kafin ya ɗumama. Akwai tarko a nan da ya sha kama masu gaggawa. Haɗin bismut da teluriyam shimfiɗa-shimfiɗa yake, kuma dannawa na kwantar da shimfiɗun ta fuska ɗaya. Wanda ya auna lantarki a kwance, ya auna zafi a tsaye, don ya fi sauƙin yanka, zai sami lamba mai daɗin faɗa wadda babu ita a zahiri. Ko an yi komai daidai, ƙananan kurakuran awo uku in sun taru sukan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Bayan duk wannan, tubali bai zama faranti ba tukuna. Sai an shafa wa kawunansa nikel don kada jan ƙarfe ya kutsa cikinsa ya ɓata sirkin, sai an liƙa shi yadda zai jure kumbura da motsewa sau dubbai ba tare da ya tsage ba. Nan ne yawancin sababbin haɗe-haɗe ke maƙalewa, shi ya sa waɗanda suka yi suna a mujallu ba su cika kaiwa kasuwa ba. Ga tsada: teluriyam yana cikin sinadaran da suka fi ƙaranci a ɓawon ƙasa, akasari daga tarkacen tace jan ƙarfe ake tsamo shi. Dalma kuma guba ce. Wannan ya sa masu bincike da dama suka karkata ga haɗin magniziyam da antimoni da makamantansa.

Inda wannan fasaha ta riga ta ci gari shi ne inda babu makanike. Kumbunan Voyager biyu da Amurka ta harba a 1977 suna ɗauke da tubalan silikon da jamaniyam da aka jera a kewayen dunƙulen fulutoniyam mai fitar da zafi da kansa. Sun tashi da wajen wat 470 kowanne, suna rasa kimanin wat 4 a shekara, kuma da wannan wuta suka yi ta aiko da saƙo daga nisan biliyoyin kilomita shekara fiye da 45. Motocin bincike na Curiosity da Perseverance, da suka sauka a duniyar Mars a 2012 da 2021, kowacce ta fara ne da kusan wat 110 daga zafin da ya kai wat 2,000. A doron ƙasa kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da ake ƙonawa yana tsiyayewa ne a matsayin zafi, ta salansar mota da ta janareta, ta bututun hayaƙin masana'antar siminti da ta ƙarfe. Faranti ba zai maye gurbin inji ba, kuma wanda ya ce maka zai yi ya zarce. Aikinsa ya tsinci ɗan abin da injin ya zubar, a wurin da ƙura da nisa za su kashe duk wani abu mai juyawa.

Saboda haka in ka ci karo da labarin cewa wani ɗakin bincike ya kafa sabon tarihi a ZT, kada lambar ta ɗauke maka hankali. Ka nemi sanin ko ta fuska ɗaya aka auna lantarki da zafi, ko wani ɗakin binciken dabam ya maimaita awon ya samu daidai, da kuma wata nawa tubalin ya yi a cikin zafi kafin ƙwayoyinsa su fara girma.